Ledar awon jini a ɗakin haihuwa: kashi 60 na me?

Malam Auwalu, Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ce. Ana ta turo min wani saƙo cewa akwai wata leda da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, wai ta rage zubar jini da mace-macen mata da kashi 60 cikin 100, kuma wai har da likitocinmu na Kano aka yi binciken. Ni dai lissafi nake koyarwa, in aka ce min kashi 60 sai na ji kashi 60 na me. Sannan ta yaya leda za ta tsayar da jini?

Sista Binta: Wa alaikumus salam Malam. Leda ba ta tsayar da jini, nuna shi take yi. Da zarar jariri ya fito sai a zura ta ƙarƙashin mace, tana da aljihu mai tsini a ƙasa, jinin ya riƙa taruwa a ciki, ga layuka an zana da lambobi. Kana kallo za ka ga ya kai mililita 300, ya kai 500. Kafin ta zo, da ido muke kintata. Ido kuwa a ɗakin haihuwa maƙaryaci ne. Jini ya shiga zani, ya shiga auduga, ya bi katifa, wani ya zuba ƙasa an goge, ka ce ai ba shi da yawa. Sai mace ta ce tana ganin jiri, ko ta fara hamma tana gumi mai sanyi, sannan kowa ya rikice. A lokacin kuwa an riga an makara.

Maman Hanifa: Sista, 500 ɗin nan kamar yaya yake? Mu ba mu san mililita ba.

Sista Binta: Ledar fiya wata guda ɗaya, Maman Hanifa. In mace ta zubar da wannan bayan haihuwa, an shiga abin da muke kira zubar jini bayan haihuwa. In ya ninka, wato lita ɗaya, ya zama mai tsanani.

Dakta Nasiru: Malam Auwalu, bari in ba ka lambobin tunda su ka nema. Sunan binciken E-MOTIVE. Jami'ar Bamingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagorance shi, aka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya shafi mata 210,132 da suka haihu da kansu, ba ta tiyata ba. A Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamarsa.

Ba mata aka raba gida biyu ba, asibitoci aka raba, ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka ci gaba da aiki yadda suka saba, rabi suka koma sabon tsari. Abin da aka ƙirga abu uku ne a haɗe: zubar jinin da ya kai lita ɗaya, ko a buɗe cikin mace saboda jini, ko ta rasu saboda jini. A asibitocin da ba a canza komai ba, kashi 4.3 na mata ne suka faɗa cikin wannan. A na sabon tsari, kashi 1.6. Kashi 60 ɗin daga nan ya fito.

Malam Auwalu: To yanzu na ji magana. Wato a cikin mata dubu, daga 43 an dawo 16. Mata 27 kenan a kowace dubu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne abin da saƙon ke cewa ba. Saƙon cewa yake an rage mace-macen mata da kashi 60.

Dakta Nasiru: Wanda ya rubuta haka ya ƙara gishiri. Mafi yawan raguwar a zubar jini mai tsanani take. Waɗanda suka rasu saboda jini a duka ɓangarorin biyu ba su da yawan da za a yanke hukunci da su, duk da cewa lambar ta fi ƙanƙanta a ɓangaren sabon tsarin. Hankali zai ba ka cewa in mata ba su kai ga zubar da lita ɗaya ba, mutuwa za ta ragu. Amma abin da hankali ya ba ka daban, abin da bincike ya auna daban.

Lambobin da suka fi ɗaukar hankalina ma ba waɗannan ba ne. A asibitocin da aka bar su yadda suke, su ma an shimfiɗa leda, amma marar layi, don kawai masu bincike su auna nauyin jinin daga baya. Da aka duba sai aka ga ma'aikata sun gano kashi 51 ne kacal na matan da jininsu ya wuce ƙa'ida. Kusan rabi sun zubar, ba wanda ya lura. A inda ledar ke da layi, an gano kashi 93.

Kabiru Sabon Gari: Ni fa duk lokacin da na ji an ce Turawa sun zo bincike a kan matanmu da 'ya'yanmu sai gabana ya faɗi. Mun manta abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da maganin Trovan na kamfanin Pfizer? Kuma wa ya ba da kuɗin wannan? Ku faɗa mana.

Dakta Nasiru: Gidauniyar Gates ce ta ba da kuɗin, ba a ɓoye ba. Kuma ba zan ce tsoronka ba shi da tushe ba, Malam Kabiru, abin da ya faru a 1996 ya faru, har kotu aka je. Sai dai a nan babu sabon magani ko ɗaya da aka gwada a jikin kowa. Allurar oksitosin mai tsuke mahaifa ta fi ni shekaru a ɗakin haihuwa. Taranekzamik asid, wanda muke ce wa TXA, tun 2017 wani babban bincike mai suna WOMAN, na mata fiye da 20,000 har da na Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Ƙarin ruwa kuwa ka san shi. Abin da aka gwada shi ne yadda ake aiki, ba abin da ake ɗura wa mutum ba.

Kabiru Sabon Gari: To in duk magungunan tsofaffi ne, me aka gano kenan? An kashe miliyoyi don a gaya mana a ba mai zubar jini maganin zubar jini?

Sista Binta: Malam Kabiru, ka yi dariya amma wallahi kusan haka ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. Yadda aka koya mana a makaranta bi da bi ne. Ka murza mahaifa ka jira. Bai tsaya ba, ka yi oksitosin ka jira. Bai tsaya ba, ka sa ruwa. TXA kuwa sai abu ya ɓaci, sai likita ya zo ya rubuta, sai miji ya ruga kemis ya dawo. Kowane jira minti goma ne ko sha biyar, jini kuma ba ya jiran kowa. Sabon tsarin cewa ya yi da zarar jini ya taɓa layi, a yi su duka a lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, TXA, ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira na gaba. Kuma ungozomar asibiti ce za ta fara da kanta, ba sai ta jira likita ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi min komai. Kayan kuma suna cikin akwati ɗaya ko a kan keken tura kaya a gefen gado, ba a kulle a sito ba mai makulli ya tafi gida.

Dakta Nasiru: Lambar da ta tabbatar da maganar Sista: a tsohon tsari, kashi 19 ne na masu zubar jini suka samu duka matakan. A sabon, kashi 91.

Hajiya Maman Ummi: Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ina ta karantawa, duk maganar asibiti kuke yi. Ni haihuwata tara, bakwai a ɗaki na yi su. A garinmu har gobe mace tana naƙuda tana shara don kada a gane, sai an ji kukan jariri sannan a aika a kira ungozoma ta yanke cibiya. Wacce ta yi raki a haihuwar fari, da shi za a riƙa yi mata gori har ta aurar da ɗan. Kuma in jini ya zuba da yawa cewa ake yi gara ya fita, dattin ciki ne, in ya zauna shi ke zama ciwo. Wannan ledar taku a wane ɗaki za a shimfiɗa ta?

Malam Auwalu: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Dakta, mata nawa ne ma suke haihuwa a asibiti a wajenmu?

Dakta Nasiru: Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 a Najeriya baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Don haka Hajiya, maganarki dutse. E-MOTIVE a asibitoci masu matsakaicin girma aka yi shi, irin janar-janar ɗin nan, ba a ɗakin kowa ba, ba ma a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi ba. Bai ce komai ba a kan matar da ta haihu a gida. Amma ki duba ta wata fuskar. Shekara da shekaru muna roƙon mata su zo asibiti. In ta zo, ta biya kuɗin mota, ta sayi kayan haihuwa, sannan ta zubar da jini a gabanmu ba mu gani ba, da wane baki za mu kira maƙwabciyarta?

Hajiya Maman Ummi: Wannan kuma gaskiya ne. Mace ɗaya in ta rasu a asibiti, unguwa guda ce ke daina zuwa.

Issoufou, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar wata hanya aka bi, kuma tun kafin naku. Wajen 2015 aka baza tsari a matarnite, wato asibitocin haihuwa, da CSI, ƙananan asibitocinmu, na ƙasa duka. Mataki uku ne. In jini ya ɓalle a ba mace ƙwayoyin misoforostol masu tsuke mahaifa. In bai tsaya ba, a zura kwaroron roba da aka ɗaura a kan bututu cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jinin daga ciki. In ta fara fita hayyacinta, a naɗe ta da rigar nan mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma zuciya da kai, har a kai ta inda ake tiyata da ƙarin jini. An buga sakamakon a mujallar Lancet Global Health a 2023, haihuwa fiye da miliyan ɗaya aka bi, mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Miso ba ya buƙatar firji, shi ya sa ya dace da ƙauyukanmu.

Dakta Nasiru: Madalla Malam Issoufou, aikin Nijar abin a yaba ne, kuma su mutuwa suka ƙirga kai tsaye. Bambancin dai shi ne nasu an kwatanta kafin da bayan ne, babu wani ɓangare da aka bari don a gwada da shi a lokaci guda. Irin wannan ba ya iya rantsuwa cewa ba wani abu daban ne ya taimaka ba. Namu ya fi ƙarfin hujja, nasu ya fi faɗi.

Issoufou, Maraɗi: Lokotoro, ku riƙe ƙarfin hujja, mu mun riƙe matanmu. Wasa nake yi.

Famasis Lawal: Tunda an ambaci firji bari in sa baki. Duk tsarin nan a kan oksitosin yake tsaye, oksitosin kuwa ana so ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har hannun Sista. Ku tuna zafin Afrilu, ku tuna wutar NEPA, ku tuna yadda ake jibge kwalayen magani a kasuwa cikin rana. An taɓa tattara samfura daga sassan Najeriya a 2016 tare da hukumar NAFDAC, kusan uku cikin huɗu na allurar oksitosin suka faɗi gwajin inganci. Shi ya sa za ka ga ma'aikaciya ta fasa kwalba biyu ko uku inda littafi ya ce ɗaya. Ba jahilci ba ne, ta san ɗaya ba ta aiki. Akwai wata allurar tsuke mahaifa, kabetosin, mai jure zafi, wanda binciken CHAMPION na 2018 ya nuna bai gaza oksitosin ba wajen rigakafin zubar jini, amma rigakafi ne, kuma bai kai ko'ina ba tukuna. Leda za ta nuna maka jini ya kai layi. In abin da ke cikin sirinjinka ruwa ne, kallo kawai za ka ci gaba da yi.

Sista Binta: Famasis ka faɗi rabi, bari in cika. Tsarin yana so a riƙa duba ledar da bugun jini da hawan jini duk minti sha biyar a awar farko. Na yi aikin dare a wani wuri ni kaɗai da mai shara, mata huɗu suna naƙuda, ɗaya ga jijjiga. Wa zai tsaya kan leda? A lokacin bincike akwai horo, akwai wanda aka naɗa ya sa ido a kowane asibiti, duk wata ana kawo muku lambobinku ku ga inda kuka gaza. Ina so in ga waɗannan asibitocin shekara biyar bayan masu bincike sun naɗe tabarmarsu.

Dakta Nasiru: Ban musa ba. Amma Sista, da ma'aikatan da ke ƙasa a asibitocin nan aka samu wannan sakamakon. Kuma ke kaɗai ɗin nan ce kika fi kowa buƙatar leda. Waiwaye ɗaya daga gadon da kike, kin ga inda jini ya kai.

Sista Binta: In akwai wuta.

Maman Hanifa: Ni tambayata daban ce. Ƙanwata ba ta zubar da wani jini mai yawa ba, kowa ya shaida, amma sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Me ya sa?

Dakta Nasiru: Ban duba ta ba, amma abin da muka fi gani shi ne mace ta shigo naƙuda da ma jininta ya yi ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro, rashin abinci mai gina jini, haihuwa kusa da kusa. Wadda jininta ke cike za ta zubar da 500 ta tashi ta yi wanka. Wadda ta zo fari fat, 300 ma na iya kayar da ita, kuma ƙarancin jinin kansa yana ƙara haɗarin zubarsa. Shi ya sa a Oktoban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin likitocin mata da na ungozomomi na duniya suka fitar da sabuwar ƙa'ida: in jini ya kai 300 kuma bugun zuciya ko hawan jini ya canza, a fara magani, kada a jira 500.

Kuma ba kowane bincike ne ke fitowa yadda ake fata ba. An gwada ba mata masu ƙarancin jini TXA tun kafin jini ya ɓalle, a binciken WOMAN-2, mata kimanin 15,000 a Najeriya, Pakistan, Tanzaniya da Zambiya. Sakamakon 2024 ya nuna bai hana zubar jinin ba. Don haka babu gajeriyar hanya, sai an gyara jinin tun a wurin awo. Ƙwayoyin ƙarin jinin nan da ake ba ku kuna zubarwa a bayan gado saboda tashin zuciya, ku dawo ku faɗa a canza muku, kada ku yi shiru.

Hajiya Maman Ummi: Dakta ka bar tone-tone. To mu na gida fa, ba abin da za a ba ungozomomin gargajiya?

Dakta Nasiru: Akwai, Hajiya. Misoforostol ɗin da Malam Issoufou ya ambata, an taɓa gwada raba shi a ƙauyukan kewayen Zariya tare da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, mace ta sha bayan haihuwa a gida. A Tanzaniya kuma an koya wa ungozomomi awo da zanen kanga: in biyu suka jiƙe sharkaf, an wuce ƙa'ida, a nemi mota. Amma ina roƙon kowa a zauren nan ya riƙe wannan: miso da oksitosin bayan jariri ya fito ake ba da su, bayan an tabbatar babu na biyu a ciki. Masu zuwa kemis a yi wa mace allurar naƙuda don ta haihu da wuri, mahaifa suke fasawa. Kuma ko an sha miso, a san motar da za a kira tun ciki na wata bakwai, a san wanda zai ba da jini. Maigida in zai yi tafiya ya bar izini da kuɗin mota, kada a zauna jiran wayarsa ta shiga.

Kabiru Sabon Gari: Na ji bayananku, na kuma rage zargi, ban daina ba. Nawa ce ledar, kuma wa zai saya? Don na san ƙarshenta a cikin takardar kayan haihuwa za a rubuta mana ita.

Famasis Lawal: A lissafin masu binciken ba ta kai dala biyu ba, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Ka juya shi zuwa naira a canjin yau, ka ninka da haihuwar babban asibiti a wata, za ka ga ba kuɗin da shugabar ɗakin haihuwa za ta fitar daga jakarta ba ne. Ni a ganina a sa ta a takardar, ko banza ta fi turare da atamfar fitar suna amfani.

Sista Binta: A'a Famasis, kada ma a fara. Takardar nan ta riga ta yi tsawo: safar hannu, auduga, Jik, sabulu, reza, man zaitun, ga kuɗin kati. Ita ce ke mayar da mata ɗaki. Ranar da aka ce sai mai leda za a auna wa jini, talaka ce za ta haihu babu awo, ita ce kuma da ma ta zo da ƙarancin jini. Gwamnatin tarayya ta ce tun Nuwamban 2024 tiyatar haihuwa kyauta ce ga marasa ƙarfi. Wanda zai iya biyan tiyata zai iya biyan leda.

Malam Auwalu: Ina cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu, ranar Alhamis muna da zama da shugabar asibitin. Zan tambaye ta abu uku: ko suna da ledar, ko TXA na cikin ɗakin haihuwa ko sai an aika kemis, da kuma inda suke ajiye oksitosin in an ɗauke wuta. Sista, akwai na huɗu?

Sista Binta: Ka tambaye ta mutum nawa ke kwana a ɗakin haihuwa. Kada ka karɓi abin da ke rubuce a jadawali, ka ce ta faɗa maka na daren jiya.